Sunan da Kyanwar Ta Amsa

Daga wurin aikin dam, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Tela,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, kuma ƙafar Baba ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon baya na yini a tsaye kan siminti. Tunda kin ce kin daina ɗaukar wayata don ina miki ihu, nan ɗin ma sai an hau tudu ake samun layi, to ga takarda ta hannun direban da ke kawo mana kaya duk sati biyu. Takarda dai ba ta ihu.

Mai aski maƙwabcinmu ya aiko min da wani labari da ya hana ni cin abinci. Wai an samu wata kyanwa ruwan ƙasa a gidanmu, kuma sunan da ake kiranta da shi 'Yar Latti. Ke kin sani, duk layinmu ya sani, wannan sunan Mama ne, shi Baba yake tsokanarta da shi tun kafin a haife ni. Wata bakwai kacal da rasuwarta. Yanzu wai mutane na wucewa ta ƙofar shago suna cewa 'Yar Latti ta saci kifi, 'Yar Latti ta yi fitsari a tabarma.

Kakana da kakanki wa da ƙani ne, shi ya sa muka buɗe miki ƙofa kika shigo da keken ɗinkinki, don ki kula da iyayena. Na san ba kwa ga maciji ke da Mama. Amma ban zaci za ki jira sai ta kwanta dama sannan ki rama a kan dabba ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Ki canja sunan nan, ki rubuto min cewa kin canja.

Yayanki,
Injiniya

*

Daga gida, ranar Asabar

Yaya Injiniya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Ƙafar Baba ta daina kumbura tun wata uku da suka wuce, sannu da tambaya. Allah ya ba bayanka lafiya.

Mai aski bakinsa ya fi almakashinsa aiki, amma ya yi maka rabin aski. Bari in ƙarasa maka.

Shekara arba'in da shida, da agogunan shagon Baba sun buga ƙarfe biyu, sai ya ajiye abin da yake gyarawa, ya tsaya a ƙofar da ke tsakanin shago da tsakar gida, ya kira 'Yar Latti sau uku. Sai a na uku Mama take amsawa, ta fito da faranti tana mita, ya nuna mata agogo, sannan ya ci. Kai ma a haka ka tashi. To bayan rasuwarta bai fasa ba. Ya tsaya, ya kira sau uku, ya saurara, ya koma ya zauna, ya ture farantin da bayan hannu. Na gwada amsawa da kaina. Ya dube ni ya ce, "Ba ke ba ce." Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a bayan ƙofa. Cokali biyu, uku, shi ke nan.

Ni ba likita ba ce, amma ina da tef na awo. Ƙugun Baba inci talatin da huɗu ne ranar da ka tafi. Ya dawo ashirin da tara. Sau biyu ina rage masa wanduna. Na faɗa maka a waya, ka ce a sayo masa maganin ƙarin cin abinci, ka ɗora da ihun wai ban iya girki ba.

Kyanwar nan ranar wani ruwan sama ta shigo, ta kwanta cikin ƙyallayen da ke ƙarƙashin kekena. Kalar shayi mai ɗan madara, kunne ɗaya a yage, ramammiya kamar Baban. Ni Tsatsa nake ce mata, ko kallona ba ta yi. Kwana huɗu da zuwanta Baba ya tsaya ya yi kiransa. A na uku sai ga ta ta fito tana miƙa, a hankali kamar an roƙe ta, ta tsaya a gabansa ta yi kuka. Baba ya dubi agogo ya ce, "Kin makara, kamar kullum." Ya zauna ya cinye shinkafarsa tas, har ya nemi ƙari. Tun da ta zo bai ƙara kukan Mama ba.

Saboda haka ba ni na raɗa suna ba. Mai sunan ne ya bayar, kyanwa ta karɓa.

Maganar Mama kuwa, e, ba ma shiri. Ta ce ɗinkina karkatacce ne, ta faɗa a gaban masu kawo min aiki. Ban manta ba. Amma wata takwas da ta yi a kwance ni nake juya ta, ni nake wanke ta, kai kuma ka zo kwana uku da kwalbar turare. Kada ka sake yi min gorin ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Af, da yamma ma Baba yakan leƙa titi ya kira Dogo. Wannan har yau ba a samu mai amsawa ba.

Tela

*

Daga wurin aikin dam, ranar Litinin

Tela,

Na ga takardarki. Na ji daɗi da ƙafar Baba ta warke. Bayana yana nan yadda yake.

Layi ɗaya na karanta ya fi sau goma: wai tun da ta zo bai ƙara kukan Mama ba. Ashe abin da ake nema ke nan. A shafe ta, a sa mage a gurbinta, har kina rubuto min da alfahari. Tsoho ya ruɗe, maimakon ki dawo da shi hanya sai ki ƙara tura shi daji don ki huta da lallashi. Mutum ba ya buƙatar kyanwa kafin ya ci abinci. Yunwa ce ta kai masa, ya ci, kyanwar ta faɗo a kan gaɓa kawai. Aikina ne sanin abin da ke riƙe da gini da abin da ke jingine kawai a jikinsa.

Ban ce a kore ta ba, don kada ki ce ba ni da imani. Suna kawai. Na zauna na yi tunani, tunda ruwan ƙasa ce, ga su nan ki zaɓa:

Na ɗaya, Kirfa.
Na biyu, Dabino.
Na uku, Zuma.
Na huɗu, Tagulla.

Ni na fi son Kirfa. Dabba ba ta san suna ba, abinci ta sani. Ki riƙe kifi a hannu ki riƙa kiran sabon sunan, sati guda ya isa. Idan Baba ya kira wancan, ki rufe ta a ɗaki har ya daina.

Batun Dogo da kika soka a ƙarshe, na gane. Mutum ɗari biyu ke aiki a ƙarƙashina, ba zaman keke nake ba. Zan zo idan an zuba kankaren bangon gabas.

Ina jiran amsa a zuwan direba na gaba. In ban ji an canja ba, zan ɗauki mataki da kaina, kuma kada ki ce ban faɗa ba.

Injiniya

*

Daga gida, ranar Alhamis

Yaya Injiniya,

Muna lafiya. Baba ya gyara agogo biyu a satin nan, masu su sun karɓa suna godiya. Ka samu man zafi ka shafa wa bayan.

Na bi umarnin mai mutum ɗari biyu. Na riƙe kifi, na durƙusa a tsakar gida ina Kirfa, Kirfa, har matar mai aski ta leƙo ta ce ko in aro a wurinta. Na koma Dabino. Na koma Zuma. Tagulla kuwa kunya ta hana ni. Kyanwa ta cinye kifin duka, ta yi kunnen uwar shegu da sunayenka. Ba ta amsa wa kowa sai Baba, shi ma sai a kira na uku.

Rufe ta a ɗaki na yi sau ɗaya, ranar Talata. Ya kira, tana kuka ta bayan ƙofa, ya tsaya yana waige-waige. Bai ci ba ranar. Ba zan sake ba, ko da kai ne ka zo ka tsaya a kaina.

Layin da ka karanta sau goma, da sau ɗaya ka karanta shi da zuciya mai sanyi da ka gane. Ba mantawa da ita ya yi ba. Da, kuka yake yi. Yanzu labarinta yake bayarwa, yadda ta sa suka rasa jirgin ƙasa ranar da za a kai ka makaranta don tana neman ɗan kunne ɗaya. Yana faɗa yana dariya har da tari.

Jiya na cire kunya na tambaye shi. Na ce, Baba, ka san dai wannan kyanwa ce ko? Ya cire gilashin aikinsa daga ido ya ce, "Ke Tela, tsufa na yi, ba hauka ba. Na san kyanwa ce. Na san inda muka kai matata. Amma idan na kira, akwai abin da ke amsawa. Ki bar min wannan."

Likita ya duba shi, ya ce ƙwaƙwalwarsa takan ɗauke ta dawo, kuma rashin abinci ke ƙara ta'azzara ta. Ya ce duk abin da ke sa shi ci, kada a taɓa. Tef ɗina ya ce talatin da ɗaya.

Ban saba roƙonka ba, amma yau na roƙe ka. Ka bar sunan nan.

Tela

*

Daga wurin aikin dam, ranar Litinin

Tela,

Da fatan Baba yana lafiya. Ke ma haka.

Direba ya zo hannu rabbana. Na tambaye shi sau biyu, ya ce ba shi da wani saƙo nawa. Wato ko amsa ban isa a ba ni ba a kan gidan ubana da sunan uwata. Shi ke nan. Na haɗa wannan da wata takarda zuwa ga mai aski. Zai ɗauke kyanwar ya kai ta inda za a kula da ita, ba wanda zai cuce ta. Kwana biyu Baba zai manta. Ni na yanke, ni zan ɗauki nauyin abin.

Injiniya

*

Daga gida, ranar Lahadi

Injiniya,

Ba gaisuwa, don ba lafiya.

Na ba direba wasiƙa hannu da hannu, a ƙofar shago, a gaban Baba. Inda ya kai ta shi ya sani. Na fita sayen zare ranar Laraba, kafin in dawo abokinka ya cusa kyanwa a buhu. Ya ƙi faɗa min inda ya kai ta, wai amana ce ka ba shi.

Yau kwana biyar. Ƙarfe biyu ya tsaya ya kira, ba sau uku ba, har sai muryarsa ta dushe. Ruwa kawai yake karɓa, shi ma da kyar. Jiya ƙafarsa ta gaza, a zaune ya yi kiran. Ɗazu ya tambaye ni ko ni wace ce. Likita ya ce in aka kai jibi a haka sai a kwantar da shi a saka masa ruwa.

Na karya rantsuwata na kira wayarka sau tara, ba layi. Na tare direban nan a ma'ajiyar siminti, na ce ko zai kwana a hanya ya kai maka wannan.

Ka ce kai za ka ɗauki nauyi. To zo ka ɗauka. Ina nan har in ji sallamarka, ba zan bar shi shi kaɗai ba. Amma kana shigowa ta ƙofar shago ina fita ta ƙofar baya, gidan yayata zan tafi. Na tsani abin da ka yi, kuma ba na son ganin fuskarka.

Tela

*

Daga gida, ranar Juma'a

Ƙanwata Tela,

Assalamu alaikum. Da fatan kin isa lafiya, kuma yayarki da yaranta suna lafiya. Baba ya ci abinci. Na fara da wannan don na san shi kike son ji, in kin ga dama ki yaga sauran.

Direba ya miƙo min wasiƙa biyu tare. Ta farkon a ƙarƙashin kujerarsa ya tsinto ta, duk man inji. A cikin motar da ta kawo ni na karanta abin da Baba ya faɗa miki, sati biyu bayan lokacin da ya kamata. Ba ina wanke kaina da direba ba ne. Ko da ta iso a kan kari, ban tabbata da na saurara ba.

Na same shi a kujerar shago, wandon da kika rage masa ya sake yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da ladabi, ya miƙo hannu ya ce in kawo agogon ya duba. Ya ɗauka mai kawo gyara ne ya zo. Na kwance na hannuna na ba shi. Ya juya bayansa, ya shafa, ya ce, "Wannan na ɗana ne, ni na ba shi. Yana lafiya?" Na ce yana lafiya. Ya ce, "In ka gan shi ka ce ina gaishe shi." Na shiga ɗakin ɗinkinki na rufe ƙofa na yi kuka, ban ji kunyar faɗa miki ba.

Mai aski ya ce wani mai siton shinkafa ya kai wa ita, can ƙarshen babbar kasuwa, don ta kama masa ɓera. Na je da safe. Mai sito ya ce tun ranar da aka kawo ta ta shige bayan buhuna, sai dai a ga alamar ta sha ruwa. Na sayi kifi. Na bi lungu-lungu ina Kirfa, ina Dabino, har Tsatsar taki na gwada. 'Yan dako suna ta dariya, wani ya ce in kayan ƙamshi nake nema layi na uku ne. Awa huɗu ina abu ɗaya, gwiwoyina duk ƙura.

Ban yi niyya ba, wallahi. Na ɗaga hannu in duba lokaci, na tuna agogon yana wurin Baba. Na tambayi mai sito, ya ce biyu saura kaɗan. Sai na miƙe na tsaya a ƙofar siton, a tsakiyar mutane, na buɗe baki na kira sunan mahaifiyata. Tunda nake ban taɓa furta shi ba. Na farko ko ni ban ji shi ba. Na biyu ya fita. Na kira na uku, na saurara, har na fara jin haushin kaina. Can sai ga ta daga saman buhuna, tana saukowa ɗaya bayan ɗaya, ba sauri ba gaggawa, ta tsaya ta lashi hannunta tukuna.

A rigata na naɗo ta, ta yakushe ni a wuya, na ce na cancanta. Mun iso uku ta wuce. Baba yana zaune yana fuskantar ƙofa, muryar ta tafi, leɓensa kawai ke motsi. Na sauke ta a tsakar gida. Ta je gabansa ta yi kuka. Ya dubi agogon bango, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yau kam kin wuce gona da iri." Ya ci cokali shida na shinkafar da na dafa, duk da ta caɓe. Jiya ya ci rabin faranti.

Har yanzu bai gane ni ba. Yana ce min Malam, yana yi min godiya da na taimaka.

Na yi miki ƙazafi, na yi miki gori, na kusa kashe ubana a kan suna. Ki yafe min. Ban san awon maganinsa ba, ban san inda kike ajiye komai ba. Ki dawo, don Allah. Mai aski ne zai kawo miki wannan, na ce ya tsaya ki faɗa masa duk abin da ke bakinki.

Yayanki,
Dogo

*

Daga gidan yayata, ranar Asabar

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Mai aski ya tsaya, ya ji, ba na jin zai sake ɗaukar buhu a rayuwarsa.

Maganin safe rabin ƙwaya ne, yana cikin gwangwanin maɓallai. Shinkafa kofi ɗaya, ruwa kofi biyu, ka rage wuta, mai gina dam. Kada ka ajiye faranti kafin ya gama kira na uku. Ka wanke yakushin nan da sabulu.

Zan dawo ranar Litinin, don Baba, ba don kai ba. Yafiya kuwa ka ba ni lokaci, ba ɗinkin gaggawa ba ne. Jerin sunayenka yana ƙarƙashin ƙafar kekena, ya hana shi girgiɗi, ka ga bai tashi a banza ba.

Abu ɗaya nake so. Na san bangon gabas yana jiranka. Ya jira. Kada ka bar gidan nan sai Baba ya gane ka. In ƙarfi ya dawo masa, da yamma zai leƙa titi ya kira Dogo, ƙarfe biyar da rabi yake yi. Ka kasance a kusa, ka amsa. Kyanwa ma ta iya wannan.

Tela